Man Kifi a Ƙarƙashin Jan Fenti

Har yau idan na ji ƙarnin man kifi sai raina ya ɓaci, alhali ni ɗan masunta ne, a cikin ƙarnin nan aka haife ni.

Bayan an gama yaƙin Turawa ina tuƙa babbar motar wani attajiri na Nguru. Gyaɗa nake kwasowa daga Gashuwa in kai bakin jirgin ƙasa, in komo da gishiri da yadi. Shekara shida na sha wuya kafin a damƙa mini makullin motar nan, kuma akwai mutum uku a tasha da ke jiran in yi tuntuɓe su karɓe. Da damina ta sauka hanya ta rufe, motar ta maƙale a Gashuwa, a ƙofar gidanmu. Sai maigidan ya aiko cewa kada in zauna ina cin kifi a banza. In kwance ƙarafan ƙarƙashin motar in wanke, in shafa musu jan fenti na maganin tsatsa.

Fenti ba ya zama a kan maiƙo, wannan kowane makanike ya sani. Na fara kankare tsohon giris da wuƙa, na bi da kananzir da burushi. Daga nan na ɗora garwa a wuta, na zuba kanwa, na dirje kowane ƙarfe da ruwan zafin nan har sau uku, na ɗauraye. Akwai gwajin da muke yi: ka yayyafa ruwa, idan ya shimfiɗu to ƙarfe ya wanku, idan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya kamar a bayan agwagwa, da sauran aiki. Kwana biyar na yi ina wannan. Kanwa ta cinye mini tafin hannu, har tuwo da ludayi nake ci kamar mai jinya.

Na gama, fenti bai iso ba. Mutumin da ya san ya aiko a zage ni bai san ya aiko da gwangwani biyu ba. Wai suna Nguru, in zo in ɗauka. Na jera ƙarafan a kan itace cikin zaurenmu, na ce wa mahaifina, “Baba, a kula mini da ƙarafan nan.” Nufina awaki da yara, kada su taka ko su taɓa. Ya dubi ƙarafan, ya ce, “To.”

Sai a kwana na biyar na dawo, a kan raƙumin wasu fatake, bayana kamar an dake ni. Na tarar da ƙarafan sun yi duhu, sumul, babu ɗigon tsatsa ko ɗaya. Wankakken ƙarfe, kwana biyar, a tsakiyar damina! Mai hankali da ya tsaya ya yi tambaya. Ni murna na yi. Hancina bai gaya mini komai ba, domin a gidanmu har tabarma ƙarnin kifi take yi. Ga hadari ya haɗu a gabas, sai na tsallake gwajin ruwan nan na hau shafa fenti, shafi biyu. Ya ƙi bushewa sosai, na ce sanyin damina ne, na ɗaure komai na mayar.

Da kaka maigidan ya zo da kansa duba motarsa, mutanen unguwa suka taru. Ya tsuguna ya leƙa ƙarƙashi, ya ga tururuwa sun yi layi a jikin ƙarafan da na fenta. Ya sa farce, fentin ya saluɓe kamar ɓawon dafaffen rogo. Ya kai yatsan zuwa hancinsa ya shaƙa.

“Direba,” in ji shi, “mota na ba ka ko kwalekwale?”

Aka kwashe da dariya. Ya ce dama an gaya masa kada ya ba ɗan masunta ƙarfe, ya ƙi ji. Ya tambaye ni ko wankin ma ya gagare ni ne. Na waiwaya, na ga Baba a bakin zaure ya matso, yana shirin buɗe baki. Nan take na gane abin da ya faru. Na kuma san idan ya yi magana, tsohon nan zai zama abin dariya daga Gashuwa har tashar Nguru.

Na ce, “Laifina ne, ranka ya daɗe. Ban wanke da kyau ba.”

Ban taɓa yin ƙaryar da ta ƙona mini rai kamar wannan ba. Hannuwana ba su ma gama warkewa ba a lokacin. Maigidan ya miƙo tafinsa, na sa masa makulli.

Da mutane suka watse na shiga zaure, na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa mahaifina murya. “Wa ya sa ka? Wa ya aike ka?”

“Kai ka ce in kula da su,” in ji shi. “Kwana biyu da tafiyarka suka fara yin ja da tsatsa. Man kifin da na ajiye don mashina na kamun kifi na juye musu gaba ɗaya, har cikin lunguna, na goge da tsumma. Haka ake kula da ƙarfe, ɗan nan.”

“Mota ba mashi ba ce! Kifi ka sani, ka tsaya a kan kifinka. Kada ka sake taɓa mini kaya!”

Ya dube ni, ya ce, “To.” Irin “to” ɗin da ya ce ranar da zan tafi.

Shekara biyu na yi a Nguru ina gyara wa wasu motocinsu kafin in sake riƙe sitiyari. Na yi fushi da maigidan da ya bar ni babu fenti, na yi fushi da kaina da na ƙi yayyafa wa ƙarafan ruwa ko cikin tafin hannu ɗaya. Fushin da na yi da Baba shi ne ya fi daɗewa, kuma shi ne wanda ba ni da hujjarsa, don abin da na ce shi ya yi.

Wata damina na je gida, na baza sifanonina a tsakar gida na fita kasuwa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Na rugo a guje ina zagin kaina. Ina shiga na tarar da Baba tsaye a cikin ruwan, ya jiƙe sharkaf, ya ɗaga tabarma da hannu biyu a saman sifanonin. Taku uku ne tsakaninsu da ɗaki.

Ya gan ni, ya ce, “Ban taɓa ba.”