Duron Malam Tashi-Mu-Gani

A makarantar nan babu mai kiransa da sunansa na yanka. Tun shekarar da ya fara koyar da kimiyya yara suka laƙaba masa Malam Tashi-Mu-Gani, domin ba ya iya daɗewa a gaban allo bai ajiye alli ya ce, "Ku tashi mu je mu gani" ba. Sunan ya bi shi har gida. Idan ya dawo yana cewa kaya sun yi tsada a kasuwa, matarsa takan karɓi ledar cefanen ta ce, "To, kawo mu gani."

Gajeren mutum ne, mai saurin tafiya, aljihunsa kullum cike da ƙusoshi da guntayen waya. Abu ɗaya yake ji da shi a jikinsa, gashin bakinsa. Yana da ɗan matajin da yake soke shi kusa da biro, kuma kafin ya amsa kowace tambaya sai ya taje gashin bakin nan gefe da gefe, kamar amsar a ciki take ɓoye.

Karatunsa gaba ɗaya magana ɗaya ce, kuma duk wanda ya bi ta ajinsa ya haddace ta: "Kada ku yarda da maganar kowa sai kun gani da idonku, ko da tawa ce." Matsalar dai ita ce, abin da ake tashi a je a gani ɗin ba kasafai yake zuwa ba.

Darasin da ya fi so shi ne na makamashi, na 'yan ajin ƙarshe. Yakan fara da tambayarsu wa ya taɓa ganin idon mahaifiyarsa ya yi ja a gaban murhu. Hannaye su tashi. Sai ya ce akwai wuta a cikin abin da muke sharewa mu zubar, akwai ta a kashin dabbobi, akwai ta a iskar da ke kaɗa mana riga, mu kuwa sai sare itatuwa muke yi muna shaƙar hayaƙi.

Wata shekara ya sa yara suka kwaso garin katako daga wurin kafinta da ƙaiƙayi daga injin casa, suka kwaɓa da sitaci, suka cura su, suka shanya a bayan aji don su maye gurbin gawayi. Awakin unguwa suka ji ƙanshin sitaci. Da safe aka tarar da buhun shanya kawai, shi ma an ci gefensa. Wata shekarar kuma ya cire tsohuwar fankar ɗakinsa, ya ɗaure ta a kan dogon ƙarfe a saman ɗakin gwaje-gwaje, ya jawo waya zuwa ɗan ƙwan tocila. Ranar da ya gayyaci malamai kallo, ko ganye bai motsa ba. Yara suka tsaya a ƙasa suna yi wa fankar fifita da littattafansu. Ƙwan ya kama sau ɗaya, ranar wata Asabar da aka yi guguwa, kuma maigadi ne kaɗai ya gani. Malam ya yi ta roƙon ajin su yarda da maigadi, suka ce ai shi Malam ne ya hana su yarda da abin da ba su gani ba. Matarsa kuwa ta yi bazara guda tana fifita da murfin kwali, tana kallon ƙugiyar da babu fanka.

Haka shekaru suka yi ta tafiya har aka zo zangonsa na ƙarshe kafin ritaya. A nan ne ya kawo duro.

Ya yi masa baƙin fenti don ya riƙa shan zafin rana, ya girke shi a bayan ɗakin gwaje-gwaje. Ya roƙi mahauta suka ba shi ɗanyen kashin shanu, yara suka dama da ruwa suna toshe hanci, aka ɗura, aka rufe, aka liƙe bakin. Daga saman duron tiyo ya fito, a ƙarshensa ɗan kan famfo mai jan hannu.

"A cikin nan," in ji Malam yana dukan duron, "akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ne za su ci wannan ƙazantar, su fitar mana da gas ɗin girki. Iska ce ba sa so. Gas ɗin zai taru a sama, idan ya yi yawa mu buɗe mu kunna."

Wata yarinya da ake kira Me-Ya-Sa, saboda tambayarta ba ta ƙarewa, ta ɗaga hannu. Ita ce monitar ajin.

"Malam, ido ba ya ganinsu?"

"Ba ya gani."

"To, yaya za mu yarda?"

Malam ya ciro mataji. "Za ku ga aikinsu," in ji shi.

Shugaban makaranta bai so duron ba, domin tagar ofishinsa ta wannan ɓangaren take. Shi ma tsohon ɗalibin Malam ne, yana cikin waɗanda suka taɓa yi wa awaki shanya, don haka ya san abin da ake ciki. Ya kira Malam, ya ba shi kujera, ya zauna yana murza hannu.

"Malam, ka san ba zan iya yi maka musu ba. Amma baƙi suna shigowa ofishin nan su riƙa duba ƙasan takalminsu."

"Ranka ya daɗe, ai warin na ranar ɗurawa ne. Ya wuce."

"To, mu yi haka. Idan wuta ta kama kafin a ba da hutu, duro ya zauna, wanda zai gaje ka ya ci gaba da koyarwa da shi. Idan ba ta kama ba, ranar hutu za a fitar da shi."

Malam ya ce ya yarda. Da ya fito bai nufi ɗakin malamai ba, ya je ya tsaya a gaban duron. Ba ritayar ce ke damunsa ba. Abin da ke damunsa shi ne ya bar makarantar ba a taɓa ganin komai ba, yaran da suka tashi suka bi shi shekara da shekaru su riƙa tuna shi da awaki da fifita.

Makonni suka shuɗe. Duk ranar darasi sai a je a buɗe famfo, Malam ya ƙyasta ashana, ashanar ta ƙone har yatsansa, ba komai sai ɗan huci kamar na jariri mai barci. Ya shafa ruwan sabulu a duk mahaɗar tiyo ko zai ga kumfa, bai gani ba. Ya ƙara liƙe murfin. Ya koma wajen mahauta ya tambaye su ko shanun sun sha magani, suka ce su dai yanka suke yi, ba su tambayar saniya tarihinta.

A gida ya daina cinye abincinsa.

"Baban yara," in ji matarsa, "wai kashin shanu ne ya hana ka cin abinci? Ni da na aure ka ban taɓa hana ka cin abinci ba."

"Ba za ki gane ba. Lissafina daidai yake."

"Na fanka ma daidai yake."

Akwai abin da bai gaya mata ba. Kullum yakan riga kowa zuwa makaranta, ya zagaya bayan ɗakin gwaje-gwaje, ya ɗan murɗa famfon ya kara hancinsa. Kaɗan kawai, don ya tabbatar. A ganinsa ɗan wannan ba zai rage komai ba.

Wata safiya babur ɗinsa ya ƙi tashi, ya iso a makare, ana dab da kaɗa ƙararrawa. Duk da haka ƙafarsa ta kai shi inda ta saba. Yana shan kwanar ginin ya ja ya tsaya.

Layi ya gani. 'Yan ajinsa ne, sun jeru tsaf kamar masu karɓar sakamakon jarrabawa. Me-Ya-Sa tana tsaye a bakin duron tana kula da tsari. Kowa ya matso sai ya murɗa famfon, ya saurara, ya shinshina, ya rufe, ya ba na baya wuri.

"Me nake gani haka?"

"Ina kwana, Malam," suka ce baki ɗaya, ba wanda ya tsorata.

"Ina tambaya, me kuke yi?"

"Dubawa muke yi, Malam," in ji Me-Ya-Sa. "Kullum muna dubawa. Da farko ni kaɗai nake buɗewa in gaya musu, sai suka ce ba za su yarda da maganata ba."

"Kullum? Dukanku?"

"Har da lokacin hutun tara da kuma lokacin tashi. 'Yan ɗaya ajin ma suna zuwa, amma sai mun gama." Ta waiga wajen tagar ofishin shugaba. "Shugaba ma yana zuwa, bayan an tashi. Shi ya fi kowa daɗewa."

Malam ya ciro mataji, ya dube shi, ya mayar. Wato duk ɗan gas ɗin da halittun nan suka wahala suka tara, makaranta guda ce take bi tana shaƙe shi da hanci. Ya buɗe baki zai yi faɗa. Ya ce musu me? Ku yarda da ni, kada ku duba? Bayan shekarun nan duka? Kuma ga shi shi ne na farko a layin, su dai ba su sani ba.

"Ku wuce aji," ya ce kawai.

Ranar bai ce a tashi a je ko'ina ba. Ya koyar a tsaye a gaban allo har aka kaɗa, yara suna ta kallon juna. Da aka tashi ya biya wajen mai faci, ya karɓo tsohon tiyub ɗin tayar mota da aka liƙe hujojinsa. Washegari ya yanke tiyon, ya haɗa tiyub ɗin a tsakanin duro da famfo, ya shimfiɗe shi a kan benci, a lafe kamar fatar da aka shanya. Famfon kuwa ya naɗe shi da waya ya murɗe da filaya.

"Daga yau," in ji shi, "ido ne zai duba, ba hanci ba. Ga abin kallo nan. Duk wanda ya taɓa famfon nan, ni da shi ne." Ya ɗan yi gyaran murya. "Ko da malami ne."

"Ko da kai ne, Malam?" in ji Me-Ya-Sa.

"Ke dai ki riƙe filayar."

Layin bai watse ba, sai dai yanzu hannu a baya ake bin sa. Tiyub ya fara motsi kamar mai juyi a barci, ya ɗago, ya yi ciki. Malam ya zubar da cikar farko, ya ce wannan gauraye take da iska, ba ta da amfani, yara suka yi ta ƙorafi kamar an zubar musu da abinci. Aka sake jira. Ana saura kwana kaɗan hutu, tiyub ya cika ya yi tam, har yana sheƙi.

Ranar hutu da hantsi aka fito da tebur fili cikin rana, aka ɗora ɗan murhun ƙarfe, aka jona tiyo. Malamai suka zo, maigadi ya zo, shugaba ya tsaya a gaba, masu fitar da duro suna jira daga gefe da baro. Me-Ya-Sa ta kwance wayar. Malam ya yi bisimilla, ya murɗa famfo, ya ƙyasta ashana. Aka ji ɗan "fuf".

Aka zuba ido. Babu komai a kan murhun.

Malam ya san wutar gas irin wannan shuɗiya ce, a tsakar rana da ƙyar ake ganinta. Shi da kansa ya rubuta haka a allo. Ya faɗa musu.

"Malam," in ji Me-Ya-Sa a hankali, kamar mai ba da haƙuri, "ba mu gani ba."

"Gaskiya, Malam," in ji shugaba, "ni ma ban gani ba."

Shi ma Malam ɗin bai gani ba. Zuciyarsa ta ce akwai, tarbiyyarsa ta ce duba. Ya kama gwiwoyinsa, ya sunkuya, ya kai fuskarsa dab da murhun yana ƙanƙance ido.

Aka ji ƙauri. Malam ya yi tsalle da baya yana dukan bakinsa, wani siririn hayaƙi yana tashi daga ƙarƙashin hancinsa. Gefen dama na gashin bakin nan ya tafi, ya bar 'yan murɗaɗɗun tsirarai.

Sai wani daga baya ya yi ihu, "Mun gani! Wallahi mun gani!" Fili ya kaure da tafi da sowa. Shugaba ya juya baya kafaɗunsa suna rawa, ya ɗaga wa masu baro hannu su tafi. Maigadi ya ruga ya kawo butar shayinsa ya ɗora, kuma a gaban kowa ruwan ya tafasa.

Da Malam ya koma gida, matarsa ta daɗe tana kallon fuskarsa.

"Ta kama," in ji shi.

"Na ga alama." Ta miƙo masa almakashi. "Ka daidaita ɗaya gefen, ko kuwa shi ma sai an kai shi makaranta?"

Bai daidaita ba sai da aka kwana biyu, bayan ya zaga gidajen abokansa da wajen mahauta da mai faci, kowa ya gani da idonsa. Duron yana nan a bayan ɗakin gwaje-gwaje, sabon malami yana koyarwa da shi, da doka ɗaya da ba a san wanda ya fara ta ba: ba a kunna shi sai a inuwa. Malam kuwa yanzu yana gida, ya samo wani duron, kuma an ga yana auna tsakar gida da igiya. Matarsa ta ce ta yarda, da sharaɗin a fara dawo mata da fankarta.