Ranar da Aka Tsayar da Ni Bayan Igiya

Ban taɓa mantawa da ranar bikin Jamhuriya na 1971 a Illela ba, tun daga lokacin da jandarma ya tare ni a bakin fili.

"Madamazal, malamai bayan igiya. Yara kaɗai ka shiga."

"Don Allah, shef, hannuna suke kallo!"

"Su kalle shi daga nan."

Ga wanda bai san aikin ba: daga kwaleji aka ɗauke ni malamar gwaji. Sufeton makarantu ne zai ce a tabbatar da ni ko a sallame ni, ga shi kuwa zaune a rumfa kusa da kumandan, mai mulkin yankinmu. Daraktanmu, Mushe Abdu ("Mushe" shi ne "Malam" a bakin 'yan Faransanci), ya danƙa mini 'yan kiɗan lakwal, wato makarantarmu, masu ganga da masu sarewa. Yadda na tarar ana koya musu haka na ci gaba: in tsaya gabansu da sanda, in ɗaga su buga, in sauke su tsaya.

Amma hannu yana gajiya. In ya gaji sai in ajiye sandar, in ce wa Rabi mai babbar ganga ta riƙe mana lugude, yadda mata ke daka a turmi ɗaya, kowace na jin taɓaryar 'yar'uwarta. Mushe Abdu yakan leƙo ta taga: "Madamazal Hadiza, hura za mu sha yau ko kiɗa?"

To, yara suka shiga fili, suka ba ni baya. Sarewa ta fara, ganguna suka biyo a makare, kowa na waige yana nemana. Layi ya karkace. Wani ya tuntsire da dariya a cikin taro. Na ƙanƙame igiyar.

Sai na ji Rabi. Dum, dum, a hankali, lugudenmu. Ƙananan ganguna suka faɗa tsakani, waige ya ƙare, ƙafafu suka daidaita. Suna wucewa gaban rumfa mata suka rangaɗa guɗa.

Ku sabbin malamai da za a ba yara gobe, ku riƙe wannan: ranar biki ba kwa cikin fili. Wanda kuka saba wa kallon hannunku, kun bar shi a hanya. Ku koya musu jin juna.

Bayan azahar aka ce sufeto na kirana a buro, wato ofis. Na shiga na tarar da shi tare da Mushe Abdu, ya dube ni ya ce:

"Mi ya faru da farko?"

"Ba su ga hannuna ba, Mushe."

"Daga baya hwa?"

"Suka saurari juna."

Mushe Abdu ya ce, "Dakan hura ne, Mushe sufeto. Kullum ina yi mata tsiya a kansa."

Sufeto ya yi dariya. "Kin zauna, an tabbatar da ke, ɗiyata, ci gaba da dakanki. Sandar kuwa, a kai ta murhu."