Mai Amya a Kasuwar Roni

An ce ya taɓa cika baki wai ƙudan zumarsa sun san ubangidansu. Washegari ya shigo kasuwa da leɓe kamar bakin tulu, gardama ta mutu.

Yau ga shi a kasuwar Roni, tsoho ƙanjamamme, rungume da amya kamar mai jego. Tun da aka yi wa gonakin gyaɗa feshin maganin ƙwari babu ƙudan zuma mai rai a cikinta. Yana girgiza ta, matattun ƙudan suna zuba a cinyarsa.

Wani malamin gona da ke wucewa ya ce, "Haba Baba, ai komai yana gyaruwa."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ɗan nan, inji ake gyarawa. Waɗannan su suka haɗa kansu, ba ni ba. Wane bakanike zan kai wa gawa?"