Ginshiƙan da Kakana Ya Gina

Jiya ruwan sama ya tsare ni, ni kaɗai, a barandar wani tsohon ofis a Rano, mai dogayen ginshiƙai waɗanda a da ba su da ado, wanda marigayi kakana ya gina bayan yaƙin Hitila. Ina ƙarama yakan kai ni can, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi da zobensa, ya ce, "Saurara, amaryata, lafiyayye ba ya amsawa kamar ganga."

Dab da zaɓe aka lulluɓe ginshiƙan da tayil. Jiyan, don kewar kakana kawai na ƙwanƙwasa ɗaya, sai ya amsa kamar ganga. Na fita cikin ruwan a guje, ban kai titi ba barandar ta rufta.

Kaka, Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi.