Hannun da Na Fitar ta Taga

Da safen ranar, Sabi'u ya riga ni zama a kan tabarmata. Ƙanin matata Hajara ne, direba kamar ni, sai dai shi ƙaramar motar haya yake ja tsakanin Daura da Mashi, ni kuwa babbar mota ta ɗaukar shanu. Bai yi aure ba, saboda haka rabin kokon gidana nasa ne. Na fito daga wanka na tarar ya cinye ƙosan da aka ajiye mini, yana lasar yatsa.

"Yaya, kai da za ka wuni kana rarrafe a titi kamar kunkuru, me za ka yi da ƙosai?"

Na ce masa ranar da ya yi aure zan tare a gidansa da kwanona. Hajara tana bakin murhu tana dariya. An kwana ana ruwa, tsakar gida duk laka. Abin da na riƙe na safiyar ke nan.

Akwai wata al'ada tamu ta direbobin manyan motoci da ya kamata wanda ba ya tuƙi ya sani. Mu a sama muke zaune, muna hango abin da na baya ba ya gani. In ƙaramar mota ta biyo ka, kai ne idonta. Idan gaba lafiya, sai ka ɗan raɓe, ka fitar da hannu ta taga ka yafito ta, ta wuce. Ba a makaranta ake koyar da wannan ba. Hannu ne ke koya, har ya kai yana yi ba tare da ya tambaye ka ba. Sabi'u mai gaggawa ne a komai, amma bai taɓa wuce ni ba sai ya ga hannuna. Wani lokaci nakan riƙe shi a baya da gangan, yana danna hon, ina dariya.

Ranar kasuwa ce a Mashi. Muka gama lodin bijimai bayan la'asar. Fatake da masu kula da shanun suka hau sama, kan katakon da ake gittawa a bisa bodi, ƙafafunsu na reto a kan ƙahonni. Alhaji Iro, dattijon da ke da yawancin shanun, ya zauna kusa da ni a gaba. Muka kama hanyar gida. Ba mu yi nisa ba na ji hon a bayana, gajere sau biyu, dogo sau ɗaya. Na duba madubi. Sabi'u ne, motarsa cike da 'yan kasuwa, buhuna a ɗaure a baya.

Gero ya yi tsawo a gefe da gefe. Rana ta yi sanyi. Akwai wata gangara da ke ƙarewa da kwana, bayan kwanar kuma kwalbati. Daga saman gangarar na hango kwalbatin ta kan gero. An gitta itace a kan kwalbatin. Babura a jingine. Mutane a tsaye da bindigogi, fuskokinsu a rufe.

Alhaji Iro ya fara salati. Na sama suka fara dukan rufin mota.

Ba zan ce ban ji tsoro ba. Amma abin da ya cika mini kai shi ne gefen titin. Ruwan jiya ya jiƙa shi, ya yi laushi. Shanu kuma ba buhu ba ne. In ka taka birki da ƙarfi, duk su zube gaba. In mota ta karkata, duk su zame gefe guda, su kayar da ita. Na taɓa ganin motar shanu da ta kife da mutane a sama. Ba na son in ba da labarin abin da aka ciro.

Na ɗauke ƙafa daga totur. Na sauke giya, injin ya yi gurnani, na sake saukewa. Na kunna siginar dama. Birki ina taɓa shi ina saki, ina taɓa shi ina saki. Idona na bin gefen titi, ina neman inda ƙasa ta yi ja, wurin da marmara ta fito, don nan ne kaɗai zai ɗauki nauyinmu. Na gan shi kusa da wata bishiyar kuka, kafin a kai kwanar. Na sa tayar gaba a kai a hankali, na ji ta zauna. Na bar na baya suka biyo ta. Motar ta ɗan jinjina, shanu suka buga ƙafa, ta dawo daidai. Na miƙe sitiyari.

A cikin wannan ne hannuna na hagu ya fita ta taga. Ya yafito sau biyu, kamar yadda ya saba duk sanda na sauka daga kwalta da mota a bayana. Na gan shi yana yi kamar hannun wani.

Sabi'u ya fito daga bayana da gudu. Na sama suna ta ihu suna ɗaga masa hannu, amma kullum haka suke masa tsiya, bai ko kalle su ba. Da ya zo daidai tagata ya ɗago kai yana dariya, ya danna hon. Na buɗe baki. Kafin murya ta fito ya sha kwana.

Na ji ƙarar birkinsa. Na ji an daka tsawa: "Tsaya! Ku fito!" Sai injinsa ya yi kuka, ina jin baya ya so ya yi. Sai harbi. Ba irin na mafarauta ba ne, a jere yake zuwa, ba numfashi. Mata suka yi kururuwa. Hon ɗinsa ya kama ƙara, dogo, bai tsaya ba.

Na ja birkin hannu. Na kashe mota. Har wannan ma na yi.

"Ku sauka! Ku shiga gona!" Ban san ko ni na faɗa ko wani ba. Mutane suka dirgo daga sama kamar 'ya'yan kanya. Na kama Alhaji Iro na jawo shi ta ƙofata. Muka faɗa cikin gero. Laka ta cire mini takalmi ɗaya, na yar da ɗayan. Ganye yana yankar fuska. A bayanmu aka tayar da babura, aka yi harbi sama-sama, muka kwanta a cikin kunya, bakina cike da ƙasa. Hon ɗin yana nan yana ƙara. Daga baya ya yi shiru.

Ban koma ba. Na san inda yake, tafiyar da ba ta kai daga gidana zuwa rijiyar Kusugu ba, amma ƙafata gaba ta yi. Alhaji ya kasa gudu, na goya shi. Muka tsallake wani rafi da ruwa iya gwiwa. Ana kiran magariba muka faɗa wani ƙauye da ban san sunansa ba sai ranar. Mutanen ƙauyen suka ba mu ruwa, suka shimfiɗa mana tabarmi a masallaci. Mutanen motata suka yi ta ɓullowa daga gonaki ɗaya bayan ɗaya, har muka cika. Kowa ya zo sai ya kama hannuna ya yi mini addu'a.

Da gari ya waye muka koma tare da jami'an tsaro. Motata tana nan a gindin kuka, a miƙe, tayoyinta duka a kan marmara. Ɓarayin sun kasa sauke shanun, babu tudun da dabbobin za su bi su sauko. Bijiman suna tsaye suna kukan ƙishirwa. Wani jami'i ya zagaya motar ya ce da direban ya firgita, da yau gawa ake kwasa a nan. Ya dafa kafaɗata. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Titin ba shi da faɗi a wurin. Da a tsakiyarsa na tsaya, da na yi mummunar tsayuwar da nake zagin sababbin direbobi a kanta, ko keke ba zai wuce ni ba.

Motar Sabi'u tana bayan kwanar, gindinta a cikin rami.

A wurin zaman makoki, wata mata mai sayar da daddawa da ta tsira daga motarsa ta shigo yi wa Hajara gaisuwa. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ba da mugunta ta faɗa ba, yabonsa take yi. Ta ce yaron nan ba shi da ganganci, tun daga Mashi suke ce masa ya wuce babbar motar nan, yana cewa a'a.

"Sai da ya ce mana, 'To, ga Yaya ya ba ni hannu, hanya lafiya.' Sannan ya wuce."

Hajara ta ɗago ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ba ta tambaye ni ba, ranar ko bayanta. Da ma ta tambaya.

Na koma tuƙi bayan sadakar arba'in, don ba ni da wata sana'a. A tasha har yanzu ana nuna ni, ana cewa ga wanda ya ajiye mota cike da shanu a gaban bindiga ko ƙaho bai karye ba. Nakan ce Allah ne, in bar wurin. Gilashin gefena a rufe yake ko da zafi ya kai ina. Ƙananan motoci su yi ta hon a bayana har su gaji su wuce don kansu.

A motata ba a rasa kowa ba, ba mutum ba dabba. A tasa an rasa uku: wani tela daga Sandamu, wata tsohuwa da ta je sayen akuya, da Sabi'u. Hajara ta rage gasarar da take damawa da safe. Duk da haka koko yana saura.