Lallen Inna Ranar Ƙuri'a

Wata Asabar ce cikin damina, shekarar da soja suka ce za su miƙa mulki, wadda masu boko ke kira saba'in da tara. Gero ya kai gwiwa, an kwana ana ruwa, rafin da ke tsakanin ƙauyenmu da hanyar Adabka ya kawo har ƙugu. Ina da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ina bin bayan Inna da goyon ƙanwata, ita kuwa ta ɗaga hannuwanta sama tana ratsa ruwa don kada katin zaɓenta ya jiƙe. Hannuwan nan sun yi baƙi wuluk da lalle, kuma ni ce na ƙunsa mata shi.

A garinmu mace ba ta taɓa kaɗa ƙuri'a ba kafin wannan rana. Zaɓe abin maza ne, mu dai muna jin gardamarsu ta bayan darni muna surfe. Ko a shekarar ma an yi Asabar biyu ana zaɓen waɗanda za su tafi Ikko, ba wanda ya ce mata su fito. Sai da aka zo kan wanda zai wakilci ƙasarmu a majalisar Sakkwato, don a lokacin Sakkwato muke, sannan maza suka tuna akwai mutane a cikin gida. Wannan kujera ta kusa ce. 'Yan takarar duka an san iyayensu, an san gonakinsu, an ci kasuwar Gummi da su. Baba ya shigo ya zauna bakin turmi, abin da bai saba ba, ya zana wa Inna alamar jam'iyyarsa a ƙasa da tsinke, ya share, ya sake zanawa. "Nan za ki dangwala," in ji shi. Inna ta ce ta gani.

Matan gari kuwa suka ɗauki abin kamar Salla. Wadda rabonta da fita tun sunan ɗan ƙanwarta, yau an ce ta fito gaban jama'a, yaya za ta fito da hannu fari? Ni aka aika bayan gari na tsinko ganyen lalle, na daka shi a ƙaramin turmi, na kwaɓa da lemun tsami. Kwana uku ina ƙunsa wa Inna, in shafa, in naɗe da ganye da tsumma, in zura mata hannu cikin zunguru. Duk aikin gidan ya dawo kaina. Ni ce ɗebo ruwa, ni ce kai fura gona wurin masu maimai, ni ce tsinko rama da tafasa, ƙawayena suna ta gaɗa a dandali ina jin tafinsu ban samu zuwa ba. Ban ji haushi ba ko kaɗan, don duk unguwar ba a yi lallen da ya kama kamar nawa ba.

A makarantar firamare aka yi zaɓen. Na sha tsayawa bakin shingenta ina sayar da gyaɗa, amma ban taɓa taka cikinta ba sai ranar. Layin maza daban, na mata daban, har da matan ruga da suka aje ƙoren nononsu gindin bishiyar bedi. Inna ce ta farko a layin mata, don ita ba ta iya zuwa wuri a makare. Malamin zaɓen saurayi ne ɗan birni, da biro a kunne. An gaya masa duk wanda ya kaɗa ƙuri'a a shafa masa tawada a babban yatsa, kada ya dawo ya sake. Da Inna ta miƙa hannu ya ga yatsa baƙi har farce, sai ya ture katinta. Ya ce ta riga ta yi, ta ba mutane wuri, ba a yin biyu.

Maza suka juyo. Na ga Baba ya sunkuyar da kai, na ji wani yana cewa dama abin da ya sa ba a fito da mata ke nan. Na san hannuna ne ya jawo. Matar da ba a taɓa jin muryarta a waje ba, ga shi an kira ta maƙaryaciya gaban gari, kuma za ta koma ta ratsa rafi ba ta yi abin da ya fito da ita ba.

Inna ba ta matsa ba. Ta gyara lulluɓinta, ta buɗe yatsunta goma a kan teburinsa, sannan ta zame takalmi ta nuna masa ƙafa. "Yaro," ta ce, "in wagga tawada ta, sau goma ni yi zaɓe, ƙahwahuna ma sun yi nasu. Uwakka ba ta ƙunshi?" Wata Bafillatana da ke bayanta ta ƙyalƙyale da dariya ta ɗaga nata hannun. Kafin ka ce me, layin mata kaf ya ɗaga hannuwa, ja da baƙi, tun daga bakin aji har gindin bedi. Malamin ya duba, ya ga in ya kori Inna to ya kori rabin gari. Ya cire biron daga kunne ya mayar, ya yi shawara da ɗan sanda, sannan ya ce, "Inna, yi haƙuri, ja hannun riga." A sama da wuyan hannu, inda lalle ya tsaya, nan ya ɗiga mata tawadar. Haka aka yi wa kowace mace ranar. Inna ta shiga bayan asabari ita kaɗai, ta daɗe, ta fito ta jefa takardarta cikin akwati.

A hanyar gida Baba ya tambaye ta ko ta dangwala inda ya nuna mata. Ta ce, "Malamin ya ce asiri na." Har ta koma ga Allah ba wanda ya ji wa ta zaɓa.

Tun daga nan idona ke kan wannan kujera. Na ga soja sun dawo sun rufe majalisar, wakilinmu ya koma gonarsa yana huɗa kamar kowa. Na ga zamanin da ake yin layi a fili a ƙirga kawuna, miji yana kallon inda matarsa ta tsaya, ni kuwa na tsaya inda na ga dama. Na ga an yanke mu daga Sakkwato an ce Gusau za mu riƙa aika mutum, an raba mazaɓa, Anka da tata, Gummi da nata biyu, mu Bukkuyum kudu da arewa. Wasu da muka aika sun dawo da rijiya da aji, wasu sai gilashin motarsu muke gani. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a dai, sai ya yi sallama a ƙofar mata.

Yanzu na'ura ke duba fuskar mutum, kuma zaɓen da ya wuce a cikin garin Bukkuyum na yi shi, don hanyar ƙauyenmu ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Layinmu ya fi na maza tsawo, sai dai ba dariya a cikinsa kamar da, kowa na sauri ya koma kafin la'asar. Nakan duba jikokina mata da suka yi karatu, in ce cikinsu wa za mu tura Gusau, don har yau ban ga an liƙa hoton mace a bangon mazaɓarmu ba. Allah ya ba ni kwana in ga mace ta tsaya, in dangwala mata.