Minti Ukun Glenys Ackroyd

Shekara ashirin da biyu ke nan Glenys Ackroyd tana zagaya ƙauyenmu duk safiyar Litinin, daga wannan falwaya zuwa waccan, tana karanta takardun da ƙaramar hukuma ke ɗaurawa idan wani ya nemi izinin gini. Mu sauran wucewa muke yi abinmu. Ita kuwa ko ruwa ake tsugawa sai ta tsaya ta kwafe kwanan wata, don kwana ashirin da ɗaya kacal ake bayarwa a kai ƙorafi. Ni ce maƙwabciyarta, ni ke kai ta zaman kwamitin ba da izinin gini a motata, saboda haka na sha surutunta har na ƙoshi.

Ba komai take ƙi ba, kada in ɗauki alhakinta. Da aka zo shimfiɗa faranten sola a gonar wani manomi mai suna Pickles, ita ta fara goyon baya, ta ce tumaki ba za su fasa kiwo a ƙarƙashinsu ba. Amma filin Hagg, wanda ke cikin filayen da doka ta ce a bar su kore tsakaninmu da birni, nan kam ko bulo ɗaya ba ta yarda a ajiye ba.

Bara wani kamfani ya nemi gina gida arba'in a can, goma sha biyu na 'yan ƙauye masu ƙaramin ƙarfi. A daidai lokacin aka tashi 'yarta Bryony daga gidan haya, ita da yaranta biyu, suka raɓe a ɗaki ɗaya wajen wata ƙawarta. Bryony ta ce in an amince da ginin za ta daure ta jira ko ta samu ɗaya daga cikin gidajen, in an ƙi kuma za ta bar garin. Na faɗa wa Glenys haka a mota, ban ɓoye mata komai ba.

"Ke dai ja motarki, Doreen," in ji ta. "Za ta samu wani wurin. In aka ci fili ɗaya, sauran ma sun tafi."

Raina ya ɓaci, amma na ci gaba da jan motata kamar yadda ta ce. Har yau ina jin haushin kaina.

Minti uku kwamiti ke ba mai magana, ko daƙiƙa ba a ƙarawa. Glenys ta yi mako tana gwaji a kicin da agogon dafa ƙwai. Rahoton jami'in tsara gari ya ce wasiƙu ɗari da tamanin da shida sun ƙi, ɗaya ta goyi baya, kuma rahoton ba ya kawo sunaye. Wasiƙun kansu suna shafin intanet na ƙaramar hukuma; Glenys ta karanta na ƙin tas, ta tsallake ɗayar.

Ranar zaman ta gama jawabinta da sauran lokaci a hannu, sai ta ƙara abin da ba ta rubuta ba. "Mutum ɗaya tal ke son ginin nan," in ji ta, "kuma na tabbata ko hanyar ƙauyenmu bai sani ba." Aka yi dariya, har da tafi. Kwamiti ya ƙi ba da izini.

A bakin ƙofa muka tarar da Bryony, ashe tana zaune a layin baya tun farko.

"Mama, kin yi ƙoƙari," in ji ta. "Wasiƙar nan ɗaya, ni na rubuta."

Glenys ta sunkuyar da kai ta nufi mota. Ban taɓa ganin ta haka ba, kuma wallahi ta ba ni tausayi.

Wata biyu bayan nan Bryony ta kwashe yaran suka koma Hull, tafiyar awa uku a jirgin ƙasa. Tana kiran uwar ranar Lahadi, su yi hirar ruwan sama su ajiye waya.

Filin Hagg yana nan kore shar, ana hango shi ta tagar Glenys. Jiya na shiga shan shayi, na tarar ta buga wasiƙar Bryony a takarda tana karantawa, ta saki labule da rana tsaka.